Juya a Hankali

Ranar da na je Ƙofar Marusa,
kuɗin akuya biyu ƙulle a bakin zane,
Sada mai walda ya jero mini su uku a rana
kamar raguna a jajibirin layya.

Na farko dogo, mai cin saƙa huɗu,
shuɗin fentinsa na ɗaukar ido.
Na leƙa ciki, na shafa gindinsa,
yatsana ya dawo da jan tsatsa.
Na ce, Sada, zuma ba ta rufa wa ƙarfe asiri,
abin da ta kwana a kai, shi take faɗa wa harshe.

Na biyu na roba, ba nauyi.
Na murɗa hannunsa sau uku,
ya hau rawa kamar maraƙin da ya ga igiya.
Wanda ya yi tangaɗi ba kaya,
ina ga an ɗora masa?

Na uku gajere, ba ado,
farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa,
saƙa biyu kacal yake ɗauka.
Famfonsa can ƙasa, inda ɗigon ƙarshe zai sami hanya,
haƙoransa na cizon juna ba kuka.
Da kafaɗata na auna shi, ban auna da ido ba,
don ni zan juya,
kuma shekara hamsin da bakwai ba ta son gardama.
Sau huɗu ya ce albarka,
na biyar, da la'asar sakaliya, ya sallama.

Mai kurkura ya sauke mu Batagarawa.
Akwatuna uku gare ni a gindin bedi,
sai tsohuwar amyar Baba a kan gawo,
ta kara da kashin shanu,
wadda ya ɗaure da hannunsa shekarar da ya rasu.

Bayan isha'i na rufe taga,
na feffe murfin kaki da wuƙa mai ɗumi,
na juya a hankali, sannan na ƙara.
Sai na ji ta tana bugun bangon ƙarfe,
yayyafin farko a kan kwano.
Saƙa ta fito fayau, ko ɗaki ɗaya bai rushe ba.
Da asuba na mayar wa masu ita,
karon farko da na ci bashinsu
ban rushe musu gida ba.

Daɗi ya ɗebe ni, na ɗauko saƙar Baba,
wadda ba ta san katako ba, ba ta san waya ba.
Juyi biyu, ta tarwatse.
Na zauna a ƙasa ina tsince kaki,
na ji kamar yana dariya a zaure.
Na wanke hannu, na matse ta yadda ya koya mini,
har gwiwar hannu.

Ajiya kuwa, haƙuri ce.
Kwalba ta kwana biyu a kife, ta bushe ƙayau,
ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya kawo kumfa da tsami.
A tace da rariya, a bari ta huce kwana uku,
a kwashe farin da ya taso, a murɗe murfi.
Ban da rana, ban da kusa da murhu.
Na zagaye ƙafar tebur da toka saboda kiyashi,
amma Mati jikana da jiƙaƙƙen cokalinsa,
shi toka ba ta tare shi.

Da sanyi ya shigo ta daskare fari.
Hajo ta ce, ko sukari kika zuba?
Ban tanka ba. Na tsoma kwalbar a ruwan ɗumi,
muka zauna muna kallo
har ta narke ta ba da amsa da kanta.

Yanzu goma sha ɗaya ne a jere, garau,
ana hango fitila ta cikinsu.
Ta sha biyu baƙa ce, da ƙanshin hayaƙi,
da ɗan fiffike guda da ya tsere wa rariya.
An taya ta sau uku.
Tana nan bayan akwatin tufafi.