Kwanon Gilashin Tumba

Kwana goma sha tara ke nan
Tumba na Gwandu wurin jegon Luba,
ni ko ina Argungu, ina sarautar madafa,
sarautar da ba wanda ya naɗa ni.

Ran Juma'a Ɗanyaya masunci
ya miƙo mini ragon ruwa mai kitse a ciki.
Na ce yau sai gashi irin na manya.
Na taka kujera na sauko da kwanon gilashi,
wanda ke bisa kabad a naɗe cikin tsohon zane,
wanda ta sayo a Kamba da kuɗin adashinta,
wanda baƙo ma sai dai ya hange shi.
Man gyaɗa, yaji, albasa, har da citta,
na kai gidan burodin Isiya a tura mini tanda,
na wuce masallaci,
daga masallaci hira ta ja ni.

Kifin dai mun ci abin da ya ciwu.
Kwanon ne ya dawo da baƙin rawani:
maiko ya ƙone ya kama gefe,
ja-ja a sama kamar tsatsar kwano,
can ƙasa baƙi ƙirin, ya daskare.

Da Magariba waya ta yi ƙara.
Gobe bayan Azahar tana hanya.

Na sa omo, na dirza da soso,
kumfa ta tashi, ta kwanta, tabo na nan.
Na ƙara, na yi gumi, na yi tsaki,
na jawo wuƙar yankan albasa.

Sai murya ta tsallako katanga,
Inna Yalwa ce, kunnenta ya fi idonta:
"Malam, aje wuƙag ga!
Gilas ba shi son hushi.
In ka ƙarce shi, zanen ya zamna ke nan.
Kak ka kwara mai tafasasshen ruwa, tsagewa shikai.
Daka kanwa, dama ta da kauri,
shafe shi, ka bar shi shi kwana.
Abin da wuta ta ɗaura a awa ukku
ba ka kwance shi da gaggawa."

Na daka, na dama, na shafe,
na kife faranti a kai, na kwanta.
Barci ya ƙi.
Shekara talatin da ɗaya
ina cin tuwo a kwano mai sheƙi,
ban taɓa tambayar inda maiko ke zuwa ba.
Ashe ta hannun wani yake bi.

Da asuba na zuba ruwa mai ɗumi.
Baƙin ya yi laushi, ya saki jiki,
yana ɓarewa kamar bawon dafaffen rogo.
Rabin lemun tsami da gishiri ga gefe,
tsohon buroshin haƙori ga lunguna,
kunnen dama ya yi gardama,
na zauna masa har rana ta hau katanga.
Na ɗaga kwanon sama,
na ga darbejiyar tsakar gida ta cikinsa,
ganye-ganye, har da tsuntsu.

Na naɗe shi a zanensa, na mayar,
na share ƙasa, na zauna da carbi
kamar mutumin da bai san komai ba.

Ta iso da ƙullin jego da labarin jariri.
Ta sha ruwa. Ta dubi kabad.
Ta sauko da shi, ta juya shi a haske,
ta daɗe a kan kunnen dama.

"Akwai tabo nan tun bikin Luba,
shekara huɗu yana gagara ta.
Ina ya tafi?"

Na dubi yatsuna, kanwa ta cinye su fari fat.
Ita ma su ta duba.
Ba ta yi dariya ba, sai da ta kai ƙofar madafa.
Daga can ta ce,
"Babbar tukunyar ma tana da nata."