Kujera ta Bakwai, Otaru

Litinin, Laraba, Juma'a.
Shekara goma sha tara ke nan
ina kawo jinina wanki,
in zauna in jira a mayar mini da shi.
Chizuru ta san jijiyar hannuna
fiye da yadda matata ta san fushina;
takan ɗora yatsa biyu, ta ji tana gurnani kamar mage,
sannan ta soka allura.

Ta taga ina hango jiragen su
sun yi lamo ƙarƙashin dusar ƙanƙara.
Da ni ke gyara musu inji.
Yanzu inji ke gyara ni.

Ƙodojina sun daɗe da ajiye aiki.
Na ɗauka sun kwanta ne shiru bayan haƙarƙari,
tsofaffi biyu masu jiran fansho.
Ashe gidan da aka bari ba kowa
shi ke yin baƙin dare.

Jiya Likita Hoshikawa ya juyo mini da hoton.
'Yan ƙullutu cike da ruwa, jere kamar ƙwan kifi.
Ya ce daɗewa kan wankin ƙoda kan haifar da su,
shi ya sa ake leƙawa duk shekara.
Sai ya sa bakin biro kan guda:
"Wannan ba ruwa ba ne."
Bai ce daji ba tukuna.
Ni na faɗa, don in ji nauyin kalmar a bakina.

Ana kukan targaɗe.

Na tuna Tsuneo na kujera ta takwas,
wanda ya ce ya gaji da hotuna,
allura uku a mako ta ishi bawa.
Ba ya fitsari, balle jini ya fito ya yi masa gargaɗi.
Bara da kaka aka naɗe bargonsa.

"Ƙarami ne," in ji likita, "kamar ɗan yatsa.
Mu cire ƙodar gaba ɗaya."
Na ce, a cire mana,
ai ta daɗe ba ta biyan haya.
Ya yi dariya. Ni ma na yi, rabi.

Yau Juma'a. Injin na juyi.
An ba ni rabin kofin shayi, rabona na safe,
ina kurɓa a hankali
don ya kai ni ƙarfe ɗaya.