Hannun Hagu

Shekara talatin ina bisa keke,
Jiratawa zuwa Maradi, da yalo da albasa.
Gwiwata ta ce ta gaji,
ni ko ban ƙaryata ta ba.

Na sai da bijimi da tumaki biyu,
Barira ta cika mini da kuɗin adashi,
aka turo moto ja har ƙofar gida,
ledar sirdinsa ko yagewa ba ta yi ba.
Kwana uku ina shafa shi da tsumma,
ban yarda na murɗa makullin ba.

Malamina Tsalha ne,
yaron da na sha goyawa bayan keke
yana kuka, majina har haɓa.
Yau shi ke cewa, "Baba, gyara zama,"
na gyara, ban ce uffan ba.

Filin ƙwallo, bayan lakwal, da sanyin safiya.
Ya kifa mini hular kwano, ya ja igiyar.
Na ce, "Ta matse."
Ya ce, "Kai guda gare ka,
ba a sai da wani a kasuwa ba."

"Hannun dama wuta ne, yana da gaggawa.
Hagu shi ne mai haƙuri.
Saki ambirayas kamar mai zura guga
a rijiyar da bai san zurfinta ba."
Na sake shi kamar na dafa garwashi.
Moto ya zabura, ya yi tari, ya mutu,
ko taku biyar ba mu yi ba.

Sau tara ya mutu ran nan.
Yara sun jeru kan katanga suna ƙirga mini,
ba su yi kuskuren ko ɗaya ba.

Rana ta huɗu na zagaya fili.
Akwai bedi guda a can gefe,
guda tak, a fili mai faɗin gona,
na kafa masa ido don kar in doke shi,
na tafi gare shi kamar an aike ni.
Salansa ta yi mini lalas a ƙwauri,
har yau tabon bai baje ba.

Tsalha ya ɗaga moto kafin ya ɗaga ni.
"Inda ido ya je, nan ƙarfe ke zuwa.
Dubi hanya, kak ka dubi icce."
Na kwana ina juya maganar,
don ba kan moto kaɗai ta tsaya ba.

Na koyi taka birkin baya a cikin yashi,
na koyi jin bitas a tafin ƙafa,
na koyi cewa jaki ba ya jin oda,
akuya kuwa ba ta yanke shawara
sai ta kai tsakiyar hanya,
ba kafin nan ba.

Ranar da na hau gudro,
'yan kabu-kabu na wuce ni kamar ƙudan zuma,
mai amalanke ma ya wuce, har da gaisuwa.
A shataletale moto ya mutu.
Oda ta baya, zagi ta gefe,
gumi na bin gemuna.
Na ja numfashi, na kama hagu,
na zura gugana sannu, sannu,
ya tashi.
Tsalha yana nesa, bai ma gani ba.

Yanzu ina isa kasuwa yalo da raɓarsa.
Sai dai in na zo hawan gangaren gulbi
ƙafafuna kan motsa, suna neman feda,
ba wanda ya gaya musu an huta.

Keken na nan jingine a zaure.
An taya sau biyu, ban sallama ba.
Barira kuwa ta ce za ta hau bayana
in damina ta wuce,
ba ta dai ce wace damina ba.