Gari a Cikin Ganye

Shekara arba'in da uku Ponnamma tana tsinkar ganyen shayi
a tsaunukan Hatton, inda gajimare ke kwana a kafaɗar dutse.
Ganye biyu da toho ɗaya, ganye biyu da toho ɗaya,
har yatsunta suka rine, suka tsattsage.
Ta san ganye a tafin hannu, ta san shi a kan sikeli,
amma ba ta taɓa leƙa cikinsa ba.

Ranar da jikarta Kokila ta ja ta zuwa makaranta,
Malama Sivakami ta ɗauki reza,
ta yanko ganye siriri kamar fatar albasa,
ta ɗiga masa ruwa, ta tura shi ƙarƙashin madubin ƙara girma.
Ta ce, "Kaka, rufe ido ɗaya."
"Ɗayan ai ya daɗe da rufe kansa."
Ta sunkuya.

Da fari duhu. Sai kore ya buɗe kamar ƙofa.

A sama rufi ne shafe da kaki,
ruwan sama ya zame, haske ya ratsa.
Ƙarƙashinsa wasu dogaye sun yi sahu,
kafaɗa da kafaɗa, kai a sama,
cikin kowanne maƙil da 'yan ƙwayoyi kore shar.
"Su ne masu girkin," in ji Kokila.
"Rana ce wutarsu, ruwa da iska cefanensu,
sukari suke saukewa, ba hayaƙi, ba toka."

Ƙasa da su gari ya warwatse kamar soso,
lunguna, ɗakuna marasa ƙyaure,
inda iska ke shiga ba sallama.
Ga jijiya ta keta tsakiya, hanya biyu a ɗauri guda:
ɗaya na hauro da ruwa tun daga saiwa,
ɗaya na gangarawa da zaƙi zuwa inda ake jira.

A bayan ganyen kuwa, ɓangaren inuwa,
bakuna ne dubbai, kowanne da leɓɓa biyu.
In sun sha ruwa sai su kumbura, baki ya buɗe,
ya shaƙi numfashin da muka yar,
ya miƙo mana wanda muke nema.
In rana ta ƙwalle, ƙasa ta bushe, sai su tsuke:
gara yunwar yini da ƙishirwar ajali.

Ponnamma ta ɗago, ta share ido da gefen sari.
"Ashe mu ne a ciki.
Sahun nan na san shi, ƙarfe bakwai mun jeru, rana a ka.
Hanyar gangaren ma na san ta,
ita ce motar da ke kwashe buhuna zuwa Kolombo.
Amma faɗa mini, yarinya,
zaƙin nan in ya sauka, yana dawowa?"
"Yana dawowa, Kaka. Shi ne sabon toho."
Tsohuwa ta jima tana jinjina kai.
"To, a nan ganye ya fi mu sa'a."

Washegari da raɓa, ta kai hannu kan toho, ta dakata.
Ta juya shi, ta kara a kunne
kamar mai sauraron jariri a barci.
Da yamma kwandonta ya gaza da kilo biyu,
mai awo ya yi ta faɗa.
Ita dai ta tsuke leɓɓanta,
don jiya ta ga masu baki dubu
da suka san lokacin yin shiru.