Makullan Baba Nomau

A makarantarmu ta bayan tashar Jega
akwai wani ɗaki a ƙarshen baranda,
rufinsa na yoyo ta kusurwar gabas.
An rubuta Ɗakin Sana'a a ƙofar da alli,
ruwa ya lashe rabin sunan, ba a sake ba.

Laraba bayan azahar, awa biyu cur,
Malam Anaruwa na zana zarto a allo,
haƙori bayan haƙori,
mu kwafa, mu ja layi da rula.
Shekara guda muna zanen zarto,
hannunmu bai san nauyinsa ba.

Kayan na nan kulle a sito,
takardar izini na barci a wani tebur a birni.
Mai makullin kuwa Baba Nomau,
makullai goma sha ɗaya a ƙugu,
kafin ka gan shi ka ji shi.
Lebura aka rubuta a takardar albashinsa,
jadawalin darasi bai taɓa jin sunansa ba.

Sai ga makon jarrabawa, famfo ya ƙi.
A buga, a buga, sai tari yake kamar tsoho.
Inna Tumba ta tsaya kan tukunyar wake
da ludayi a hannu, tana faɗa da iska.
Shugaba ya rubuta wasiƙa.
Wasiƙa dai ba ta taɓa cika tulu ba.

Mu biyar muna yankan ciyawa, horon latti.
Ya ce, "Ku aje lauje, ku taho."
Muka zaro bututu, ɗaya, biyu, har tara,
tsatsa a riga, laka har gwiwar hannu.
Can ƙasa ya nuna mana 'yar roba
da ba ta kai bakin kofin shayi ba,
ta cinye, ta yage.
"Kun ga wadda ta hana mutum ɗari shida wanka."
Ya tuɓe takalminsa na taya, ya auna, ya yanka,
ya miƙo mini wuƙar: "Gyara bakin.
Ƙarfe na magana, yaro, kai ne ba ka saurara ba."

Ruwan ya fara zuwa ja, sannan ya yi fari.
Ya koma gida da takalmi ɗaya.

Tun ranar Laraba ta sake kama.
Malam na riƙe da alli, Baba na riƙe da sifana,
babu wanda ya tambayi izini.
Mande maigadi ya shigo da faci da gam,
Inna Tumba ta ce namijin da bai iya ɗinke maɓalli ba
kada ya ƙara miƙo mata kwano.
Muka yi dariya. Ba ta yi ba.

Ranar yaye mu an gode wa babban baƙo,
an gode wa wanda ya wakilci wanda bai zo ba.
Baba Nomau ya jera kujeru ɗari uku,
da aka watse ya kwashe su.

Yau injinan ban-ruwa nake gyarawa a fadama,
manoman shinkafa sun san lambata da ka.
Takardar shaidata na cikin adakar Inna,
gara ta ɗanɗana gefenta.

Bara na tarar da makullan a ƙugun wani saurayi.
Baba na Kimba, yana ta rufe masa ido,
yana jiran fansho kamar mai jiran ruwan Maris.
Na kai masa buhun shinkafa, bai kula shi ba.
Tafina ya kama, ya shafa kanta ɗaya bayan ɗaya,
ya daɗe bai saki ba.
Can ya ce, "Kusurwar gabas fa, an gyara?"
Na ce an gyara.
Ba a gyara ba.

Kwano biyu na ɗaure a bayan babur ɗina,
da kusa mudu guda.
Gobe Laraba.