Kwanon Zdenka

A Kranj, a bene na uku,
na kashe netresk bakwai da hannuna.
Ba da mugunta ba.
Baƙar ƙasa na saya musu, mai taki,
ina shayar da su safe da yamma
har saiwarsu ta ruɓe, ta yi wari.
Garin neman ƙiba na samo rama.

Zdenka ta leƙo daga barandarta,
ta tsoma yatsa a tukunya, ta girgiza kai.
"Ɗan dutse ne, ka kwantar da shi a katifa."

Ta huda gindin tsohon kwanon miya da ƙusa.
Tsakuwa tafi biyu, yashin kogin Sava tafi guda,
ƙasa kuwa barbaɗe, kamar gishiri.
"Kakata a kan rufi take dasa shi,
wai yana korar tsawa.
Ba ta taɓa ba shi ko ɗigo ba."

Wata uku dusar ƙanƙara ta binne kwanon.
Hannuna na ƙaiƙayi, na daure.

Yau ta narke.
Ga uwar nan, bakin ganyenta ja,
'ya'ya biyar sun kewaye ta,
ɗaya har ya tsallake gefe yana lilo,
yana laluben tsagar bango.