Tabon Babban Yatsa

Shekara goma sha bakwai ina ɗaukar hoto
a gindin duwatsun Shere.
Kyamarata ta tsufa, ni ma haka.
Birai ne kawai ba sa tsufa a idona,
kullum da sabon jinjiri manne a cikin uwa.

Asabar ce, rana ta leƙo bayan ruwa,
dutse na tururi kamar tukunyar gwate.
Mota ta tsaya daga hanyar Lamingo:
Alhaji Sallau, da 'yarsa Kande,
da baƙar leda shaƙe da ayaba da atile.

Na ce, "Alhaji, a bar ledar nan a mota.
Ƙararta a kunnensu kiran kalaci ne."
Ya yi dariya har hularsa ta karkace.
"Ɗan wannan abin? Ai kyanwar gidana ta fi shi."

Ɗan wannan abin yana zaune bisa fa,
kunnen hagu a yage.
Mu nan Mai Unguwa muke ce masa,
don ba a wuce shi sai da gaisuwa,
gaisuwar kuwa ita ce ka kau da ido.

Alhaji ya ɗaga waya, ya ba shi baya,
ya matsa,
ya ƙara matsawa,
ya washe haƙora duka, yana neman su fito tare.
Kaico! Abin da muke kira fara'a,
a wurinsu zare wuƙa ne daga kube.

Ban ga tsallen ba. Ba a ganinsa.
Sai dai na ga hannu huɗu a kan leda ɗaya.
"Saki!" na ce. "Alhaji, sakar masa!"
Ina! Mutum da girmansa
yana ja-in-ja kan ayabar ɗari biyar.

Kande fa, 'yar shekara tara,
ita ce ta ji abin da na faɗa wa uban.
Ba ta yi ihu ba, ba ta ruga ba.
Ta zuba wa takalminta ido,
ta buɗe tafukanta, babu komai,
ta ja da baya, taku ɗaya, taku biyu,
kamar mai fita daga ɗakin da jariri ke barci.

Leda ta yage. Atile ya gangara rami.
A wuyan hannun Alhaji, jan layi uku.
Ya ce, "Ƙwarzane ne, zan shafa man zafi."
Na ja shi bakin famfo, na miƙa sabulu,
na ce a wanke, a yi ta wankewa,
sai doguwar allurar agogo ta ci rubu'in sa'a.
Daga nan asibiti. Yau, ba gobe ba.
Ciwon da ke ɓoye a miyau ba ya jiran Litinin.

Ya so gardama, sai na nuna masa yatsana.

Ina saurayi na yi aboki a cikinsu.
Wata uku yana cin gyaɗa a tafina,
har ina fariya a Taminus.
Ran da na zo aljihu wayam,
ya karɓi bashinsa da haƙori.
Sabo turken wawa, ni ne wawan.

Kafin su tafi Kande ta tambaye ni,
"Baba Azi, mugu ne?"
Na ce a'a, 'yata. Gidansa ne.
Mu muka zo da ledoji,
mu muka koya masa hannun mutum rumbu ne.

Hoto ɗaya na ɗauka a ranar.
Mai Unguwa a ƙololuwar fa, yana ɓare ayaba a natse,
hular Alhaji a ƙasa cikin taɓo.
Ba wanda ya saya.
Yana nan a bangon ɗakina, kusa da kalanda.